Direba, Waya da Iyakar Hankalin Ɗan Adam

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Najeriya, wata ɗabi'a ta samu gindin zama a kan titunanmu har ta daina ba kowa mamaki, wato a ga direba tafe da mota cike da rayuka, hannu ɗaya a kan sitiyari ɗaya kuma a kunne, yana ciniki ko yana sasanta rigimar gida. Da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suka matsa da kame, sai masu dabara suka koma maƙala na'urar sauraro a kunne ko su haɗa wayar da lasifikar mota, suka kuma gamsu cewa tun da hannuwansu biyu na kan sitiyari, idanunsu na kan kwalta, to sun fita haƙƙin kowa. Ra'ayina shi ne wannan gamsuwa ba ta da tushe, domin abin da waya ke ƙwacewa daga direba hankalinsa ne, kuma hankali ba ya dawowa don kawai an 'yanta hannu. Matuƙar muna ci gaba da kallon lamarin a matsayin matsalar hannu, dokarmu da wa'azinmu za su ci gaba da farautar abin da ido ke iya gani, su bar ainihin abin da ke kashe mutane.

Domin a fahimci dalilin, sai an koma ga abin da masana halayyar ɗan adam suka gano game da yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar bayanai. A shekarar 1953 wani masani ɗan Ingila mai suna Colin Cherry ya sanya wa mutane abin sauraro, ya riƙa aika magana ɗaya ta kunnen dama, wata daban ta kunnen hagu, ya ce su riƙa maimaita ɗaya daga ciki da baki. Da aka gama aka tambaye su abin da ɗaya kunnen ya ji, sai ya zamana suna iya cewa muryar namiji ce ko ta mace, amma ba su san me aka faɗa ba, kai har an sauya harshen daga Ingilishi zuwa Jamusanci ba su lura ba. Bayan shekara shida Neville Moray ya maimaita jerin kalmomi sau 35 a kunnen da ba a kula da shi ba, mutanen suka kasa tuna su, sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku sun farga lokacin da aka ambaci sunansu. Kunnen lafiyarsa ƙalau, sautin kuma ya shiga, amma ma'anar ba ta isa inda ake sanin abu ba. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje ne Donald Broadbent ya fitar da bayaninsa na 1958 cewa akwai wata matata a cikin kai wadda ke zaɓar abin da zai wuce, daga baya Anne Treisman ta gyara bayanin da cewa matatar ba ta toshe sauran gaba ɗaya, rage musu ƙarfi take yi, shi ya sa abu mai nauyi kamar sunan mutum kan kutsa.

Abin da ya faru da kunne ya faru da ido, kuma a nan ne maganar ta fi shafar direba. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard suka nuna wa mutane wani gajeren bidiyo na matasa suna jefa wa juna ƙwallon kwando, wasu sanye da fararen riguna wasu da baƙaƙe, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallon. Ana cikin haka sai wata mata sanye da kayan goggon biri ta shigo tsakiyar 'yan wasan, ta tsaya ta fuskanci masu kallo, ta doki ƙirji, sannan ta fice. Kusan rabin waɗanda suka kalla ba su gan ta ba, kuma da aka sake nuna musu bidiyon, wasunsu sun yi zargin an musanya shi ne. Wani zai ce ai waɗannan ba ƙwararru ba ne. To, a 2013 wasu masu bincike a Boston suka saka hoton goggon biri a cikin hoton huhu, girmansa ya ninka ƙullutun da ake nema sau 48, suka ba likitocin karanta hoto 24 su duba ko akwai alamar cuta. Ashirin daga cikinsu ba su ga birin ba, alhali na'urar bin diddigin ido ta nuna cewa yawancinsu sun ɗora idonsu daidai inda yake. Da Bahaushe ya ce hankali ke gani, ido gululu ne, ba gatse ya yi ba, zahirin yadda aka halicci ɗan adam ya faɗa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin waɗannan gwaje-gwaje shi ne, wanda abu ya kuɓuce wa ba ya jin cewa wani abu ya kuɓuce masa. Idan mutum ya rufe idonsa, ya san ya rufe. Idan barci ya fizge shi, yakan farka a razane ya san ya yi gyangyaɗi. Amma idan hankali ya tafi wani wuri ido yana buɗe, babu wani giɓi da ke bayyana a cikin abin da mutum ke gani, titin yana nan cikakke a gabansa, sai dai yaron da ke shirin tsallakawa ko babur ɗin da ya fito daga lungu ne ba su shiga lissafi ba. Saboda haka direban da ya rantse cewa shekara goma yana waya yana tuƙi bai taɓa rasa ganin komai ba, ba ƙarya yake yi ba, amma shaidarsa ba ta da amfani, domin ba shi da hanyar da zai san abubuwan da bai gani ba. Waɗanda suka sani su ne direban bayansa da ya taka birki, da mai tafiya a ƙasa da ya ja da baya, kuma ba wanda ya bi shi ya gaya masa.

Akwai kuma iyaka ga yawan abin da mutum ke iya riƙewa a kansa a lokaci guda. George Miller ya ƙiyasta shi da kimanin abu bakwai a 1956, sannan Nelson Cowan ya sake nazarin hujjojin a 2001 ya ce ya fi kusa da huɗu. Ayyuka biyu da kowannensu ke buƙatar yanke shawara ba sa tafiya tare, ƙwaƙwalwa tsalle take yi daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle na cin ɗan lokaci. Abin da ke ruɗar direbobi shi ne, yawancin aikin tuƙi ya riga ya zama jiki: canza giya, riƙe hannu, daidaita totur, duk suna gudana ba tare da tunani ba, shi ya sa mutum ke iya yin kilomita hamsin yana hira bai ji wata wahala ba. Amma ɓangaren da bai taɓa zama jiki ba shi ne lura da abin da ba a zata ba, kuma haɗari kusan kullum daga nan yake fitowa.

Hujjojin da aka tara daga kan titi sun dace da wannan bayani. A 1997 Donald Redelmeier da Robert Tibshirani suka duba bayanan kiran wayar direbobi 699 da suka yi haɗari a Toronto ta ƙasar Kanada, suka gano cewa yiwuwar karo tana ninkawa kusan sau huɗu a lokacin da mutum ke kan waya, kuma ba su ga wata fa'ida ga masu wayar da ba a riƙewa a hannu ba. Wani bincike a birnin Perth na Ostareliya a 2005, a kan direbobin da haɗari ya kai asibiti, ya sake samun ninki huɗu, da riƙewa da rashin riƙewa. David Strayer da abokan aikinsa a Jami'ar Utah sun shafe shekaru suna gwada mutane a na'urar kwaikwayon tuƙi, inda suka nuna cewa mai hira a waya ya fi jinkirin taka birki, ya fi wuce alamar tsayawa, kuma yakan kasa tuna allunan gefen hanya ko da idonsa ya sauka a kansu. A 2006 suka kwatanta masu waya da waɗanda suka sha barasa har ta kai iyakar da dokar Amurka ta haramta tuƙi da ita, suka sami naƙasun ɓangarorin biyu kusa da juna a girma, ko da yake siffarsa ta bambanta. A Jami'ar Carnegie Mellon kuwa, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna a 2008 cewa sauraron jimloli kawai, ba tare da mayar da amsa da baki ko taɓa komai na waya ba, ya rage aikin sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da wuri da tazara da kashi 37 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa haɗarin mota na kashe mutane kimanin miliyan 1.19 a shekara, ta tsaya a kan wannan matsaya cewa na'urar kunne ba ta fi riƙe waya a hannu aminci da wani abin kirki ba.

Rubuta saƙo ko karanta shi ya fi muni nesa ba kusa ba, kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Binciken Cibiyar Nazarin Sufuri ta Virginia Tech a 2009 a kan direbobin manyan motoci ya gano cewa mai rubuta saƙo ya ninka yiwuwar shiga haɗari ko kusantarsa sau 23, idonsa kuma kan bar titi na kusan daƙiƙa 4.6. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, wato a wannan ɗan lokaci ta shafe kusan mita 128 babu mai kallon gabanta.

Hujjar da ake yawan kawowa ita ce, idan hira ce matsalar, to a hana fasinja magana, a kashe rediyo. Tambaya ce mai ma'ana, kuma an gwada ta. A 2008 masu binciken Utah suka umarci direbobi su fita daga babbar hanya a wata mahaɗa da aka nuna musu, wasu suna hira da wanda ke zaune kusa da su, wasu suna hira a waya. Kusan duk masu fasinja sun fita daidai, amma kusan rabin masu waya sun wuce wurin. Dalilin shi ne fasinja yana ganin abin da direba ke gani, idan an zo shataletale ko an tunkari tirela yakan yi shiru ba tare da an ce masa ba, wani lokaci ma shi ke cewa a lura da wancan mai babur ɗin. Wanda ke ɗaya ƙarshen wayar ba ya ganin komai, idan ya ji shiru sai ya ce kana ji na kuwa, ya ƙara jawo hankalin direba a daidai lokacin da titi ya fi buƙatarsa. Rediyo kuma ba ta jiran amsa, ba ta fushi idan an yi watsi da ita.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk bincike ne ya zo da sakamako iri ɗaya ba. Waɗanda suka ɗora kyamara a cikin motoci suka bi direbobi a tafiyarsu ta yau da kullum sun sami cewa danna lamba, rubuta saƙo da lalubo waya sun fi magana kanta haɗari ƙwarai, kuma wancan bincike na manyan motoci bai sami ƙarin haɗari daga hira ta na'urar kunne ba, abin da wasu ke dangantawa da cewa hira kan kori barci a doguwar tafiya. Na yarda da wannan a matsayin gyara ga girman matsalar, amma ban ɗauke shi a matsayin lasisi ba. Direban tirela a kan shimfiɗaɗɗiyar hanyar Amurka, mai layi a zane, mai shinge a gefe, wadda ba mutum ba dabba a kanta, yana iya tafiyar minti goma babu abin da ya buƙaci shawararsa. Wanda ya ratsa cikin Kano da yamma, ko ya bi ta Mararrabar Jos ko Tafa inda tankoki ke jere a gefen hanya, ya san cewa a wurinmu abin da ba a zata ba shi ne abin yau da kullum: Adaidaita Sahu da zai tsaya ba sigina don ya hango fasinja, garken shanu, rami a tsakiyar kwalta, mai talla, motar da ta biyo hannun da ba nata ba. Titin da ya fi yawan ba-zata shi ya fi buƙatar hankali cikakke, don haka idan akwai inda sakamakon ɗakin gwaji ya fi dacewa da shi, to nan ne.

Sai kuma masu cewa su ƙwararru ne, abin da ya sami ɗan koyo ba zai same su ba. Strayer da Jason Watson sun gwada mutum 200 a 2010, suka sami biyar kacal, wato kashi 2.5 cikin 100, waɗanda tuƙinsu bai ragu ba yayin da suke wani aikin tunani a waya. Wani binciken na Jami'ar Utah a 2013 ya nuna cewa waɗanda suka fi yawan haɗa ayyuka, suka fi yarda da iyawarsu, su ne galibi suka fi rauni idan an gwada su. A ranar 24 ga Yulin 2013 wani jirgin ƙasa ya kauce daga layinsa kusa da Santiago de Compostela a Sifaniya, kusan mutum 80 suka mutu. Direban mai shekaru da yawa a aikin ne, ya san hanyar, kuma kiran da ya amsa na aiki ne daga wani ma'aikacin jirgin. Yana cikin maganar ya manta inda yake, ya shiga kwanar da aka ƙayyade wa kilomita 80 a awa da gudun kusan 180. Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari balle a ce hannu ne ya shagala.

A nan ne nake ganin muna ɗora wa direba shi kaɗai laifin da ba nasa ne shi kaɗai ba. A tarbiyyarmu, ƙin ɗaga kiran mahaifi ko malami ko ubangida rashin ladabi ne, kuma idan an ɗaga ba a faɗa wa babba magana a gaggauce, sai an gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiya, sannan a zo kan dalilin kiran. Wannan ɗabi'a ce mai kyau wadda ba na fatan mu rasa, amma ta samo asali ne a lokacin da mai gaisuwa ke durƙushe a zaure, ba yana riƙe da rayukan mutum goma sha takwas a kan hanyar Zariya ba. Mai motar da ke kiran direbansa ya ji ko ya kai, ko ya tambayi balas, da ɗan kasuwar da ke kira kowace awa ya ji inda kayansa suke, da fasinjan da ke kiran direban haya ya yi masa kwatance, dukkansu sun san sarai cewa mutumin yana tuƙi, don saboda tuƙin ma suke kiransa. Direban da ya ƙi ɗagawa yana iya rasa aikinsa ko ya sha faɗa, wanda ya ɗaga kuma babu abin da zai same shi sai ranar da tsautsayi ya faɗa. Duk wanda ya tsara al'amura haka bai kamata ya yi mamakin zaɓin da direba zai yi ba. Ya kamata tambayar ko kana kan hanya ne ta zama farkon abin da mai kira zai faɗa, kuma nauyin cewa sai ka tsaya mu yi magana ya koma kan babba, domin shi ne ke da ikon katse wayar ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba.

Akwai uzuri ɗaya da ba zan raina ba, shi ne na tsaro. Direbobin da ke bin hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba, irin ta Birnin Gwari ko wasu sassan Zamfara da Katsina, sun dogara da kiran abokan sana'arsu don sanin ko hanya ta yi kyau, kuma gaya wa irin wannan mutum ya faka a gefen daji ya amsa waya shawara ce ta wanda bai san hanyar ba. Sai dai maganin yana cikin motar tun asali. Babbar mota ba ta tafiya ba yaron mota, bas ba ta rasa kwandasta ko fasinjan gaba, kuma kowannensu na iya riƙe wayar ya karɓi saƙon ya isar da shi cikin jimla ɗaya. Ƙungiyoyin direbobi, waɗanda ke da iko a kowace tasha har su hana mutum lodi, suna iya mayar da wannan ƙa'ida cikin mako guda idan sun ga dama, kuma maganarsu ta fi ta kowane jami'i tasiri a kunnen direba.

Ta fuskar doka, wasu ƙasashe sun riga sun bi hujja zuwa inda ta kai su. Faransa ta haramta wa direbobi sanya kowace irin na'urar sauraro a kunne tun 1 ga Yulin 2015, kuma hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ba da shawara a Disambar 2011 cewa a hana amfani da waya gaba ɗaya yayin tuƙi, har da wadda ba a riƙewa, ko da yake jihohin ƙasar ba su bi shawarar gaba ɗayanta ba. Masu jirgin sama sun riga kowa: tun 1981 dokar Amurka ta hana matuƙa duk wata hirar da ba ta shafi aikin ba a lokacin tashi da sauka da lokacin hawa ko gangarowa a ƙasa da ƙafa 10,000, alhali su biyu ne a wurin, kuma horonsu ya fi na kowane direba. A Najeriya amfani da waya yayin tuƙi laifi ne da ake cin tara a kansa, amma jami'in da ke tsaye a bakin titi hannu kawai yake iya gani, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hula ko mayafi, balle lasifikar mota, don haka kame kaɗai yana koya wa mutane ɓoye wayar ne.

Abin da zai fi amfani shi ne a shigar da wannan ilimi cikin horon neman lasisi, a nuna wa mai koyo irin wancan bidiyo na goggon biri ya ga da idonsa yadda abu ke wuce shi, domin mutum ba ya yarda da wannan rauni sai ya kama kansa a ciki. Kamfanonin sufuri da na dakon mai su rubuta a ƙa'idar aikinsu cewa ofis ba zai kira direba yana tafiya ba, kuma ba za a hukunta shi don ya ƙi ɗagawa ba. Sannan idan an yi mummunan haɗari, masu bincike su nemi izinin kotu su duba bayanan kiran direban daga kamfanin waya, kamar yadda masu binciken Toronto suka yi da yardar direbobin tun 1997, domin a halin yanzu haɗarin da waya ta jawo yakan shiga rahoto da sunan gudun wuce ƙima ko ƙwacewar mota, kuma direban da ya tsira ba zai ce yana waya ba, wanda ya rasu kuma ba a tambayarsa.